Yadda Ake Ƙiyasta Shekarun Tsohon Shinge Ta Hanyar Ƙirga Itatuwan Cikinsa

Duk wanda ya bi hanyar Kware ko ta Bodinga ya san shingen aguwa. Layi ne na itatuwa masu rai, kore shar da damina, toka-toka da rani, yana raba gonar wane da ta wane, ko ya tsare burtali dama da hagu don kada shanu su faɗa wa gero. Irin wannan shinge mai saiwa a ƙasa nake magana a kai. Shingen ƙaya da ake sarowa a jibge, da darnin kara, ba su cikin lissafinmu, don gara da iska ba su barinsu su tsufa.

Wanda ya dasa shinge da wuya ya sa icce fiye da iri ɗaya ko biyu. Ya sari rassan aguwa, ko na bini-da-zugu, ko na dashi, ya kakkafa a jere, ya kama gabansa. Amma je ka tsaya gaban tsohon shinge yau ka gani: ga magarya a ciki, ga aduwa, ga bagaruwa ta ɗago kai, can gaba ga anza. Ba wanda ya shuka su. Tsuntsu ya sauka bisa reshe ya kasayar da irin abin da ya ci. Jemage ya tsotse ɗan dogon yaro ya yar da ƙwallon. Yara masu kiwo sun sha magarya da aduwa sun tofar a bakin hanya. Shanu da awaki sun ci 'ya'yan gawo da na bagaruwa, sun bi burtali sun zubar da irin cikin kashinsu, kuma irin da ya ratsa cikin dabba ya fi saurin tsira, saboda ɓawonsa mai tauri ya yi laushi. A tsakiyar gona duk abin da ya tsiro hauya ce ajalinsa, wanda ya tsira daga hauya akuya na jiransa da rani. A cikin shinge kuwa hauya ba ta shiga, akuya kuma ba ta son cusa baki cikin aguwa saboda nononta. Haka shinge ke tara baƙi ɗaya bayan ɗaya, gwargwadon daɗewarsa gwargwadon yawan baƙinsa.

Wanda ya fara mayar da wannan lura lissafi wani masanin tsirrai ne ɗan Ingila mai suna Max Hooper, wanda ya yi aiki a tashar bincike ta Monks Wood cikin shekarun 1960. Ya bi shinge 227 waɗanda tsofaffin takardun filaye suka nuna lokacin da aka kafa su, ya riƙa auna yadi 30 a kowane, yana ƙirga irin itatuwan da ke ciki. Abin da ya fito masa shi ne, kusan kowace shekara 100 shinge na ƙara iri ɗaya. Cikakken lissafinsa shi ne a ninka yawan ire-iren da 110, a ƙara 30. Shinge mai iri 2 ya kama shekara 250 ke nan, mai iri 5 ya kama 580. Shi kansa ya yi gargaɗin cewa amsar na iya kaucewa da shekara 200 sama ko ƙasa. Duk da haka ta yi musu amfani ƙwarai, saboda tsakanin 1750 da 1850 an killace filayen noma masu ɗimbin yawa a Ingila, aka dasa musu shinge da wani iccen ƙaya mai farin fure kusan shi kaɗai. Ƙirga ta sa ana iya bambance waɗannan da shingayen da suka girme su da ƙarnuka. Har dokar kare shingaye da aka kafa a Ingila da Wales a 1997 ta ɗauki wannan hanya: shingen da ya kai shekara 30 kuma aka samu icce iri 7 cikin mita 30 nasa, yana cikin waɗanda ba a tuge su sai da izini.

To, kada kowa ya ɗauko 110 ɗin nan ya ɗora wa shingen Sakkwato. Lokacin da nake aikin malamin daji na ga shingaye masu iri 5 waɗanda mutumin da ya dasa su yana nan da ransa, yana zuwa gona da ƙafarsa. In da lissafin Ingila za a bi, sai a ce irin wannan shinge ya girmi birnin Sakkwato, wanda Muhammadu Bello ya kafa a 1809, da fiye da shekara 300. A nan baƙi na shigowa da sauri, don dabbobi na bin shinge kullum suna kawo iri. Kuma suna fita da sauri: fari ya kashe, mai neman itacen girki ya sare, mai magani ya ɓare ɓawo har icce ya bushe, wutar daji ta lashe. Abin da za mu ɗauka daga Hooper shi ne dabarar kanta, watau auna tsawo guda, ƙirga iri, sannan gwada shinge da shinge. Ma'aunin shekaru kuwa mu za mu yi wa kanmu, kuma kowane yanki da nasa. Kamar duba haƙoran sa ne a kara: ba za su gaya maka ranar haihuwarsa ba, amma za su raba maka ɗan shekara biyu da tsohon da ya gama aiki.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan an girbe gero, daga Oktoba zuwa farkon Nuwamba. Sannan aguwa da dashi ba su gama zubar da ganye ba, gawo kuma, wanda ke tsayawa tsirara duk damina, ya fara sabon ganye, ga 'ya'ya a jikin itatuwa da yawa. In ka bari sai Maris, rabin shingen sanduna ne kawai, ko gwani sai ya yi kokanto. Ka tanadi igiya mai tsawon mita 30, ka ƙulla ta kowace mita 5. Ka ɗauki littafi da biro, da zaren awon tela, da wayar da ke ɗaukar hoto tana nuna wurin da kake bisa taswira. Ka sa takalmi rufaffe, ka riƙe doguwar sanda kana bubbuga gaba kafin ka sa hannu, don gindin tsohon shinge mazaunin kububuwa ne. Nonon aguwa kuma kada ya kusanci ido, in ya taɓa hannunka ka wanke kafin ka shafa fuska.

Kafin ka shimfiɗa igiya, nemi mai gona. Baƙo da igiyar awo a kan iyaka abin tayar da hankali ne, kafin ka ƙirga icce uku labari ya kai gari cewa an zo yanka filaye. Ka fara ta wurin hakimi ko mai unguwa, ka faɗi abin da ya kawo ka, in da hali mai gonar ya raka ka. Ribar biyu ce, don shi ne zai raɗa maka sunan duk iccen da ka kasa ganewa.

Wajen awo, ka bar kusurwa da bakin ƙofar gona da inda shinge biyu suka haɗu, saboda nan iri ke taruwa fiye da ƙima. Ka matsa kamar taki goma daga ƙarshe sannan ka kafa turke. Kada idonka ya zaɓa maka wuri, don ido wurin da ya fi duhu yake so. Ka yanke tun kafin ka isa cewa daga turken farko za ka auna 30, ka tsallake 30, ka sake auna 30. In shingen ya kai, ka yi awo uku ka raba jimillar gida uku. Ka tsaya gefe guda ka ƙirga. In burtali ne, shingen dama dabam, na hagu dabam, don sau da yawa ba hannu ɗaya ya dasa su ba, ba kuma zamani ɗaya ba.

Iri ake ƙirgawa, ba gindi ba. Magarya goma cikin igiya ɗaya, ɗaya ce a littafi. Kuma icce kawai, mai itace a jikinsa, wanda gindinsa ke cikin layin shinge. Gamba ba ta ciki ko da ita ce ta cika iyakar. Garahuni da yaɗiya da sauran masu hawa ba su ciki, haka ma kaucin da ke maƙale a reshe. Ni ban sa tsiron da bai kai gwiwa ba, don mafi yawansu ba su ganin damina ta gaba. Tumfafiya nakan rubuta ta a gefe ban sa ta cikin jimilla ba: iska ke kawo ta, tana fitowa ko a filin da aka share bara, ba ta da abin da za ta faɗa game da tsufa.

Ga inda aikin yake, kuma nan ne nake ganin dole mu bambanta da Turawa. Ka raba shafinka gida uku. Gidan farko na dashe ne, abin da hannun mutum ya kafa: aguwa, bini-da-zugu, dashi, zogale, lalle. Za ka gane su da tsayuwa a layi da tazara kusan ɗaya. Waɗannan ko iri huɗu ne, rana ɗaya aka iya kafa su, saboda haka yawansu ba shekaru yake nunawa ba, ƙwazon mai gona yake nunawa. Shingen garkar mata a bayan gari yakan haɗa lalle da zogale da bini-da-zugu tun ranar farko.

Gida na biyu na waɗanda shinge ya tarar ne. Sabara da kalgo da geza suna da tsohuwar saiwa a ƙarƙashin ƙasa wadda ke sake tofowa duk shekara komai saran da aka yi mata. Kan wannan saiwa ne manoman Maraɗi suka dogara tun shekarun 1980 suka mayar da itatuwa gonakinsu ba tare da dashe ba. In ka ga sabara a shinge, duba cikin gonar. Muddin akwai kututturanta warwatse ko'ina, to ta riga shingen zama, layi ne kawai ya bi ta kanta. Haka babbar kuka ko tsamiya ko ɗorawa: sau da yawa ita aka nufa da iyakar tun farko, aka ce daga tsamiyar nan zuwa waccan kuka. Tana ba da labarin wurin, amma ba ta shingen ba.

Gida na uku shi ne na baƙi, waɗanda suka shigo da kansu bayan an kafa shinge: magarya, kurna, aduwa, bagaruwa, gawo, farar ƙaya, ɗundu, anza, tsada, ɗanya, goriba. Alamar baƙo ita ce gindinsa ya fito daga tsakiyar dashen, ya kutsa ya ɗago, babu tazara babu tsari. Wannan gida shi ne agogonka. Shi za ka riƙa gwadawa tsakanin shinge da shinge.

Sai ka kula da masu kama da juna, don kuskuren suna ɗaya yana canza lissafi. Magarya da kurna suna ruɗa mutane in suna ƙanana. Juya ganyen: bayan na magarya fari-fari ne mai laushin gashi, na kurna kuwa sumul yake, kore ciki da baya. Aduwa ganyenta biyu-biyu ne a kan ƙara ɗaya, ƙayarta doguwa kuma koriya. Dashi ganye uku-uku, ƙarshen reshensa ya zama tsinke, in ka karce ɓawon ƙamshin ƙaro zai bugi hancinka. Gawo ƙanana rassansa farare ne, 'ya'yansa ja-ja a murɗe. Bagaruwa furenta ƙwallo ne ruwan ɗorawa, 'ya'yanta kuwa duk wanda ya taɓa shiga majema ya san su. Wanda ya gagare ka, ɗauki hoton ganye da ƙaya da ɓawo, ka tsinko ɗan reshe ka matse cikin littafi, ka ba shi lamba. Makiyayi ko mai maganin gargajiya zai faɗa maka sunansa nan take, masu ilimin tsirrai a Jami'ar Usmanu Danfodiyo kuma za su iya tabbatar maka.

Dogon yaro yana da matsayi na musamman. Baƙon ƙasa ne daga nahiyar Asiya, an fara dasa shi a Najeriya a lardin Borno a 1928, daga baya ya iso Sakkwato. Saboda haka komai kaurinsa bai cika shekara 100 a ƙasar nan ba. In shi ne dashen asali, jere a layi, to ka san iyakar tsufan shingen. In kuwa baƙo ne da jemage ya kawo, ka rubuta shi amma kada ka ba shi nauyi, don yanzu yana shiga shingen da bai shekara biyar ba, kuma inuwarsa na kashe aguwar da ke ƙarƙashinsa. Na sha ganin tsohon shinge ya koma iri biyu tak saboda dogon yaro ya danne sauran.

Bayan ƙirga, durƙusa ka dubi ƙasa. Iskar hunturu da guguwar farkon damina suna kwasar rairayi su sauke gindin shinge, shekara bisa shekara, har wurin ya zama tudu. Sabon shinge daidai yake da gona. Tsoho kuwa bisa doron ƙasa yake zaune, wani har ya kai cinya, kuma in ka tona da hannu ƙasar ta fi ta gonar duhu da laushi saboda ruɓaɓɓen ganye. A gangare za ka ga gonar sama ta fi ta ƙasa tsawo, shingen ya zama matakala tsakaninsu. A burtali akasin haka ne: kofato da ruwa sun rarake tsakiya, shinge ya rage a sama. Ka auna tsawon doron da sandarka ka rubuta. Ka auna kuma kewayen baƙon da ya fi kowa kauri a daidai ƙirjinka, don shinge ba zai kasa baƙonsa shekaru ba. Kututturen da aka sha sarewa yana tofowa, har ya buɗe ya zama da'ira mai rami a tsaka, ya fi siririn icce mai tsawo daɗewa nesa ba kusa ba. In ka ci karo da ceɗiya ko durumi a layin, ga tsingaro a ƙasa, ga kukoki a cure, to wataƙila kan kufai kake, shingen kuma na bayan gida ne a da.

Yanzu sai ma'auni. Nemi shingayen da aka san shekarunsu a yankin da kake aiki, ka yi musu irin wannan awo. Akwai su da yawa in ka tambaya: shingen makarantar da aka buɗe zamanin ilimin firamare kyauta na 1976, na maƙabarta, na garkar da mai ita ya kafa da hannunsa, da wanda aka ja tsakiyar gona ranar rabon gado. Tsofaffi ba su riƙe shekara da lamba, da abin da ya faru suke riƙe ta, saboda haka da shi za ka tambaye su. Wani dattijo a wajen Wamakko na ce masa, "Baba, wanga shinge na tsakiya yaushe anka yi shi?" Ya ce, "Ɗana, shekarad da anka yi canjin kuɗi munka raba gonag ga ni da ƙanena, mu munka dasa shi. Wancan na bakin burtali kau, haka nit tashi nig gane shi, babanmu ma tarad da shi yay yi." Ka ga ya ba ni biyu a numfashi ɗaya. Naira ta shigo a 1973, na tsakiya ke nan. Na burtali kuwa ya haura shekarun dattijon da na mahaifinsa. In ya ce canjin kuɗi, ka tambaye shi wanne, don an sake launin takardun naira a 1984. Sauran turakun da ke aiki su ne samun 'yancin kai a 1960, rasuwar Sardauna a 1966, komawa tuƙi hannun dama a 1972, mulkin Shagari daga 1979 zuwa 1983, da zamanin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1988. In ka tara irin waɗannan kamar goma, ka jera su daga ƙarami zuwa babba, kowane da yawan baƙinsa da tsawon doronsa. Duk shingen da ba a san shekarunsa ba, sai ka duba tsakanin waɗanne biyu ya faɗa. Amsarka ta kasance mai faɗi: ƙasa da shekara 30, tsakanin 30 da 60, ko ya wuce sanin duk mai rai a garin. Wanda ya ce maka shinge shekararsa 87 daidai, ba daga itatuwa ya samo ta ba.

Tudu da tudu ake gwadawa, fadama da fadama. Shingen bakin gulbin Rima yana samun danshi da irin da ruwa ke kawowa, cikin 'yan shekaru sai ya cika, alhali na jigawar Gwadabawa ko Tangaza yana iya daɗewa da baƙi biyu. Ambaliyar Satumban 2010, wadda ta yanke hanyar shiga mazaunin jami'a na dindindin, ta kwashe shingaye da yawa a fadama, abin da ke wurin yanzu sabon tashi ne bisa tsohuwar iyaka. A tudu kuma farin 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa masu son ruwa, saboda haka ka riƙa neman matattun kututture a layin kana rubuta su dabam. Na kusa da gari gatari ya fi cinsa, ka sa wannan a ranka in ka ga doro babba amma baƙi kaɗan. Idan ƙirga da doro suka saɓa, ni doro nake bi.

Abu ɗaya nake roƙo: kada a ɗauki wannan lissafi a kai gaban alƙali ko uban ƙasa a matsayin hujjar mallaka. Yana nuna cewa iyaka ta daɗe a wurin, ba ya nuna ta wane ce, kuma shaidu da takarda suna gabansa. Inda na ga yana da amfani na gaske shi ne wajen burtali. Da yawa an cinye su da noma har sun koma 'yar hanyar ƙafa, amma in ka shiga gonakin gefe za ka tarar da ragowar doro, da tsofaffin gindin aguwa jefi-jefi, da aduwa da magarya a miƙe bisa layi ɗaya. Wannan layi shi ne faɗin burtalin na asali, kuma manomi da makiyayi duka suna iya tsayawa su gan shi da idonsu.

In ka gama awo ka ga giɓi a shingen, ka shawarci mai gona a cike shi. Ana saran rassan aguwa da bazara, dab da faɗuwar ruwa, a bar su a inuwa 'yan kwanaki bakin saran ya bushe, sannan a kafa su a busasshiyar ƙasa, don in aka sa su cikin laima ruɓewa suke yi. Ka rubuta a littafinka abin da aka dasa, da shekarar, da daidai wurin, ka bar kwafi ɗaya wurin mai gonar ko hakimin garin, don wanda zai zo awo bayanka ya san wannan yanki dashe ne, ya sa shi a gidan farko.